Ɗaga Hilux da sa mata manyan tayoyi: amsa ga mai gona a bayan Kujama

"Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, ta fetur, mai ogzilari (giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja). Gonata tana bayan Kujama, kuma da an sauka daga kwalta sai an bi hanyar da tarakta da tifa suka farfashe. Da damina ta kankama sai cikin motar ya riƙa gogar ƙasa, bara sau biyu sai da aka janyo ni. Wani abokina ya ce in ɗaga ta inci 4, in sa wili 20 da taya 33, shi ke nan na rabu da matsalar. Tayar da ke jiki yanzu 265/65R17 ce. Ina ɗaukar taki da ita, ina kuma zuwa Abuja da iyali kamar sau biyu a wata. Mene ne shawararka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a yi damina lafiya, ya kuma tsare hanya.

Abokinka ya ɗaure maka abu uku a ƙunshi ɗaya: ɗaga mota, ƙara tsayin taya, da ƙara girman wili. Kowanne aikinsa daban, kuɗinsa daban, ɓarnarsa ma daban. Ita kuma motar aiki uku take yi maka. Tana shiga laka, tana ɗaukar taki, tana kwasar iyali a kan kwalta da gudu, kuma abin da ya gyara ɗaya yakan taɓa sauran biyun. Na daɗe ina aikin ƙafar mota a garin nan na Kaduna, Hilux kuwa ta fi kowace mota yawan hawa ramin garejina, don haka bari in faɗa maka matsayina tun da wuri: inci 4 ya yi yawa, wili 20 ba na mai gona ba ne, taya 33 kuma za ta ci maka fiye da abin da za ta ba ka.

Fara gano abin da ke gogar ƙasa

Kafin ka kashe ko sisi, ka sa a wanke ƙasan motar, ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila. Ƙasa ba ta ɓoye inda ta taɓa. Za ka ga wurin da ƙarfe ya yi fari saboda guga, ko jar laka ta cushe ta bushe.

Hanyar da tarakta ta bi da damina takan zama kamar kunyar gona: kwari biyu inda tayoyi ke bi, tudu a tsakiya. Abin da ke fara karo da tudun nan shi ne tukunyar aksul ɗin baya, wannan ƙullutun da farfela ke shiga cikinsa. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tukunyar nan tare take da tayoyi, a ƙarƙashin sifirin. Ko inci 10 ka ɗaga motar, bodi da shasi ne za su yi sama, ita tana nan inda take. Abu ɗaya ne ke nisanta ta da ƙasa, tsayin taya. In ko gugar a tsakiyar shasi ka gan ta, ko a matakala, ko a haɓar bamba, to nan ne ɗagawa take da amfani, domin alama ce ta cewa motar na zama a kan tudu in za ta tsallake shi ko in za ta fito daga kwari.

Akwai na uku, kuma shi na fi zargi a motarka. Motar 2012 da ta sha taki da masara, da wuya a ce sifirin ɗinta na baya bai kwanta ba. Sifirin mai lafiya yana da lanƙwasa kamar baka. Duba naka ba tare da lodi ba. In ya miƙe sambal, ko ya fara lanƙwasawa ta ɗaya gefen, to motarka ba gajeriya ba ce, gajiya ta yi. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin madigadi, duka kusurwa huɗu, a wuri mai shimfiɗa. Sai ka nemi wata irinta da ba ta sha wahala ba ka auna ka kwatanta. Sau da yawa mutum kan zo mini da maganar ɗagawa, in canza masa sifirin da shokozoba kawai, motar ta koma tsayinta na asali, maganar ta ƙare a nan.

Lissafin da ke jikin taya

Lambar 265/65R17 ma'anarta faɗin taya milimita 265, tsayin bangonta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili kuma inci 17. In ka haɗa bango biyu da wili, tsayin tayar gaba ɗaya milimita 776 ne, wajen inci 30.6. Wadda ke binta a girma, 265/70R17, milimita 803 ce. Wadda ake kira 33 kuwa, yawanci 285/70R17 ake nufi, milimita 831 ce, inci 32.7, ba ta ma cika 33 ɗin ba.

To amma rabin ƙarin ne kawai ke ƙasan aksul, ɗaya rabin yana sama cikin madigadi. Wato 265/70 za ta ɗaga maka tukunyar da milimita 13, ita kuma 33 da milimita 27. Bambancin da ke tsakaninsu a ƙasa milimita 14 ne, bai kai kaurin babban yatsanka ba. Riƙe wannan lamba a ranka, domin duk wahalar da zan lissafa nan gaba, a kan milimita 14 ɗin nan za ka sha ta.

Ita 265/70R17 kan shiga a kan wilin da motar ta zo da shi, in ma ta taɓa wani abu, robar tare laka ce, a ɗan gyara ta a wuce. Ita 285 kuwa ba tsayi kaɗai ta ƙara ba, har da faɗi. In ka murɗe sitiyari har ƙarshe, sai ta goga a kafaɗar shasi da bodi ke zaune a kai, bayan tayar gaba, ta ciki kuma ta matso hannun sama na ƙafa. Maganin da ake yi shi ne a yanke kafaɗar nan a sake waldarta, a sare ɓangaren bamba, a canza wili zuwa wanda ya fito waje. Kuma kada a ce maka ɗagawa tana hana guga. Tana hanawa in motar na tsaye a gareji. Da ta faɗa rami da lodi, ƙafar ta nutse har ƙarshenta, tayar za ta koma daidai wurin da da ma za ta je.

Wani abu kuma da tsofaffin direbobi suka sani: faɗi ba shi ne gwanin laka ba a kowane wuri. Waɗanda suka yi zamani da a-kori-kura ta Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri bayan buɗe masana'antar a 1975, da siraran tayoyi suka shiga ƙauyukan Kajuru da Kachia. A jar ƙasa mai santsi a sama da tauri a ƙasa, siririyar taya mai tsayi tana yanka lakar ta kama ƙasa mai ƙarfi, mai faɗi kuwa sai ta riƙa iyo a sama. A rairayi da fadama mai zurfi ne faɗi ke cin riba. Kai ka san irin ƙasar hanyarka.

Kuma abin da ya maƙalar da kai bara, ina kyautata zaton ba tsayi kaɗai ba ne, har da zanen taya. Tayar kwalta, mai alamar HT, da ta shiga laka sai zanenta ya cika ta zama sumul kamar ƙwarya. Mai alamar AT ta raba ƙafa, tana yin kwalta tana yin burji. MT ta laka ce zalla, amma a hanyar Abuja za ta cika maka kunne da gurnani, ta cinye da wuri, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta riƙonta bai kai na sauran ba. Mai zuwa Abuja da yara, AT ce tasa.

Yadda ake ɗagawa, da inda iyakar take

Hanya biyu ce. Ko a sa tazara tsakanin bodi da shasi, ko a ɗaga daga ƙafa. Ta farkon ba ta ƙara wa ƙasan mota komai, bodi kawai take ɗagawa don taya ta samu wuri, kuma sai an taɓa sandar sitiyari da lagireto da bamba. Ba na ba mai irin buƙatarka shawararta.

Ta ƙafa ita ce magana. Bayan Hilux mai sauƙi ne, sifirin ganye ne a kan aksul guda: a sa sabon sifirin mai lanƙwasa sosai, ko a ƙara ganye ɗaya, ko a tsawaita maratayinsa. Gaban ne ke da sharaɗi. Ƙirar da aka yi daga wajajen 2005 zuwa 2015, wadda ake ce wa Vigo, kowace tayar gaba zaman kanta take yi, tana da hannun sama da na ƙasa, da sifirin murɗaɗɗe a jikin shokozoba, da shaf mai gaɓa biyu da ke kawo mata ƙarfi. Duk waɗannan an ƙera su ne su yi aiki a wata kusurwa. Da ka ɗaga motar, hannuwan sun sunkuya, shaf ya karkace, boljoyin na sama ya matso iyakar juyinsa. Har zuwa inci 2, wato milimita 50, suna jurewa. Daga nan kuma sai ka shiga sayen hannun sama na musamman, da sauke tukunyar gaba, da tsawaita tiyon birki, kuma a inci 4 kusan sake gina gaban motar ake yi.

Akwai wata da aka taɓa kawo mini, wani matashi ne ya saye ta a ɗage, gwanin kyau daga nesa. Ƙorafinsa shi ne in ya sha kwana yana jin ƙas-ƙas-ƙas, in ya hau gargada kuma kamar ana dukan motar da guduma. Da muka cire tayar gaba, baƙin giris ya yi feshi ya zagaye cikin wili, robar shaf ta tsage daidai inda ninkinta ke gugar juna. A jikin sifirin kuma ga wani tabo yana ƙyalli kamar an goge shi da yashi, wurin da hannun sama ke dukansa duk lokacin da tayar ta sauka. A saman shokozoba muka tarar da guntun ƙarfe mai kauri da wani mai walda ya yanka aka cusa. Mai aikin bai san cewa a irin wannan ƙafa, abin da ka sa a saman shokozoba yana fitowa kusan ninki biyu a wajen taya ba. Ya sa abin da yake ganin inci 2 ne, motar ta tashi kusan 4. Boljoyin ɗin kuwa, da na kama shi da hannu, lilo yake. In wannan ya fita a guje, tayar kwanciya take yi a ƙarƙashin mota.

Ba ina cewa kowace tazara haramun ba ce. Ƙarama da aka ƙera don motar, don daidaita gaba da baya, tana aiki. Amma ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, kuma mai ɗaukar lodi ƙarfi yake nema. Cikakken saiti, sifirin da shokozoba da aka yi su tare, irin na Old Man Emu ko Ironman 4x4, duka na Ostireliya, shi ne aikin da ake yi sau ɗaya. Suna zuwa mataki-mataki gwargwadon nauyin da mota ke ɗauka kullum. Kada ka zaɓi mafi tauri don kana ɗaukar taki wata biyu a shekara, in ba haka ba sauran wata goman Hajiya za ta riƙa tambayarka ko a kan jaki aka ɗora ta.

Kuma ɗagawa ba ta ƙara yawan abin da motar za ta iya ɗauka. Hilux mai ƙofa huɗu, kusan tan ɗaya ne iyakarta, har da mutanen da ke ciki. Buhun taki kilo 50 ne. In kai da yaranka na gona kuna ciki, buhu 20 ya riga ya wuce ƙa'ida, ko da sabon sifirin ya hana motar nuna gajiya. Aksul da boris da birki ba su canza ba.

Abin da babbar taya ke karɓa a hannunka

Taya 33 ta fi taka zagaye da kashi 7 cikin ɗari. Kamar ka ƙara wa kowace giya tsawo ne. Injinka na fetur mai lita 2.7 inji ne mai juriya, amma sai ya ɗaga murya yake ba da ƙarfi, ba kamar na gas mai lita 3 da ke ja tun daga ƙasa ba. Da lodi a baya, a hawa, za ka ji motar ta yi sanyi, ka riƙa sauko da giya inda da ba ka saukowa, kuloci kuma yana shan wuta wajen tashi. Maganinsa na gaskiya shi ne canza haƙoran cikin aksul, gaba da baya lamba ɗaya, aikin da kuɗinsa kan kori mutum. Shan mai kuwa dole ya ƙaru, tayar ta fi nauyi, ta fi faɗi, motar ta fi tare iska. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ban ga wanda ke raina wannan ba.

Maleji ma zai fara yi maka ƙarya. In ya nuna 100, kana 107. In ya nuna 120, kana 128. In ya ce ka yi kilomita 5,000 lokacin juye ya yi, ka yi 5,350. Da 265/70 bambancin kashi 3 da ɗoriya ne, abin da za a iya zama da shi.

Birki shi ne wanda ya fi damuna. Faranti da takalmin birkin ba su ƙaru ba, amma an ba su taya mai nauyi da tsawon hannu su tsayar. Ga kuma wani ɗan abu da ake yawan mantawa: Hilux da yawa, musamman marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, suna da wani bawul a saman aksul ɗin baya mai ɗan sanda, wanda ke auna yadda baya ya nutse ya san yawan lodi, sai ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. In aka ɗaga baya ba a gyara sandan nan ba, bawul ɗin zai ɗauka motar ba komai a cikinta ko da buhu 15 ne a kai, sai ya rage birki. Ka tambayi duk wanda zai yi maka aikin game da bawul ɗin nan. In ya tsaya yana kallonka, ɗauki makullinka.

Sai kifewa. Inci 4 na ɗagawa da inci ɗaya na taya, an ɗaga nauyin motar kenan sama da yadda aka tsara ta. A hanyar gona ba za ka ji ba. Ranar da za ka ji ita ce ranar da kake gudu a hanyar Abuja, tirela ta yanko maka ko rami ya bayyana a gabanka, ka fizge sitiyari. Doguwar mota tana jinkirin dawowa daga irin wannan tangaɗi, wani lokaci ba ta dawowa.

Ka kuma tuna hanyar da kake bi. Hilux da ta yi tsayi ta cika ido, daga nesa ana ɗaukarta ta jami'an tsaro ko ta wani babba. A wasu hanyoyin ƙauyukan jihar nan, mai gona ya fi son motar da ba a waiwayarta.

Wili 20

Wannan gajeriyar magana ce. In tsayin taya bai canza ba, duk incin da wili ya ƙara, daga bangon taya aka cire shi. Bangon nan kuwa shi ke shanye duka in ka faɗa rami, shi ne kuma ke ba ka damar rage iska a laka ko rairayi don tayar ta baje ta kama ƙasa. Wili 20 na birni ne da wajen biki. Wilinka 17 ya isa, tayarsa ma ta fi sauƙin samu. In har za ka canza wili, tabbatar mai ƙusa 6 ne a kan zagayen milimita 139.7, ramin tsakiyarsa ya zauna daram a kan cibiya, kuma bai fito waje sosai ba, domin wanda ya fito yana ɗora wa boris nauyi ta gefe, yana kuma watsa wa masu babur laka. Faifan da ake sawa a bayan wili don tura shi waje, ni ba na sa wa motar lodi.

Wajen sayen tayar

Duba lamba huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma jami'anta kan duba. Tayar Beljiyam mai zane kamar sabuwa tana iya zama ta shekara takwas, robarta ta bushe, ga zafin kwaltar watan Maris. Duba kuma lambar lodi da ke bayan girman. 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, kada ka sauka ƙasa da abin da motar ta zo da shi.

Biyar za ka saya, ba huɗu ba. In safaya ta fi sauran gajarta kuma ka sa ogzilari, gaba da baya za su riƙa jayayya a cikin giya. Ita 265/70 kan shiga mazaunin safaya a ƙarƙashin bodi, 33 kuwa sau da yawa sai dai a ɗora ta a baya ta cinye wurin buhu biyu. Iska kuma, bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, sai ɗan ƙari in tayar mai kaurin bango ce ko akwai lodi. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba, ko da mai faci ya rantse maka.

Da motata ce

Da na fara da sifirin da shokozoba da bushin, in mayar da ita tsayinta. In sa 265/70R17 AT guda biyar a kan wilin da ke jiki. In sa masu walda na Panteka su yi mini farantin ƙarfe mai kauri a ƙasan inji da giya, mai ƙofar juye baƙin mai. In ajiye shebur da igiyar ja mai kyau a bayan kujera. Sai in yi damina ɗaya a haka. In watan Agusta ya wuce kuma har yanzu tsakiyar shasi na zama a kan tudu, sai in ƙara inci 2 da cikakken saiti, ba ƙari. In ka riga ka ga gugar a shasi tun yanzu kuma sifirin ɗin dole a canza shi, to sayi saitin inci 2 kai tsaye, kada ka biya kuɗi sau biyu.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, ban kwanta a ƙarƙashin motar ba, ban kuma taka hanyar gonar ba. In kwarin da tifa ta haƙa ya kai gwiwa, babu tayar da za ta fitar da Hilux, wannan aikin 'yan tifa biyu na marmara ne ku da maƙwabtan gona ku haɗa kuɗi a zuba.

Duk wanda ka zaɓa, ranar da aka gama a kai ta alaimen a kan na'ura, a yi wa tayoyin balansin, a sauke fitilun gaba don kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido. Bayan mako guda ko tafiyar farko da lodi, ka koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da aksul, da na tayoyi, domin sabon sifirin yakan zauna su yi sako-sako.